Matsayin Mata a Aikin Horar da 'Yan Wasa

 

Ran da aka manna sanarwar wannan zama a jikin allo, mun ji wani ɗan'uwa yana cewa, "Duk abin da ya dami ƙasar nan, ga tsadar abinci, ga rashin aikin yi, ba a ga abin tattaunawa ba sai mata da ƙwallo?" Ba mu ga laifinsa ba, domin a wurin yawancinmu kalmar wasa tana nufin abin da mutum yake yi in ya rasa abin yi. Amma muna roƙonsa, shi da masu ra'ayi irin nasa, su ba mu aron hankalinsu na ɗan lokaci. Maganar ta shafi lafiyar ƙannenmu mata, ta shafi wata sana'a mai albashi wadda wasu suke ci mu kuwa muna kallo, ta kuma shafi amanar da iyaye suke danƙa wa makaranta.

Ƙullin da ya ɗaure mu

Bari mu fara da abin da kusan kowa a nan ya taɓa gani. A je makarantar sakandare ta 'yan mata ranar gasar wasanni tsakanin gidajen kwana. Shugabar makaranta mace ce, mai kula da ɗakin kwana mace ce, mai ba da magani ma mace ce. Amma mai usur a wuya, wanda yake auna fili, yake jera yara, yake nuna musu yadda za su ɗaga ƙafa, sau da yawa namiji ne. Uba ya zo kallo, ya ga 'yarsa budurwa tana gudu a gaban namijin da ba muharraminta ba, in kuwa ta faɗi, shi ne zai kama ƙafar ya duba targaɗe. Ya koma gida ransa a ɓace, ya ce daga yau ba ke ba fili. Yarinyar nan, wadda wataƙila da ta ci gaba da ta karanta ilmin motsa jiki ta dawo ta zama malamar wasanni, ta bar hanya ke nan. Bayan shekara goma makarantar ta nemi mace mai horarwa, a rasa, a sake turo namiji, wani uban kuma ya sake janye tasa 'yar.

To, ga ƙullin. Babu mata masu horarwa saboda iyaye ba sa barin 'yan mata su yi nisa a wasa, iyaye kuwa ba sa barinsu saboda babu mata masu horarwa. Wanda duk yake son kwance shi, tilas ya nemo bakin zaren. A ganinmu bakin zaren shi ne mace mai horarwa. Abin da muke so mu nuna yau shi ne, al'adar tamu, wadda kullum ake cewa ita ce ta tare hanya, ta fi kowace al'ada bukatar mace a wannan aiki.

Mene ne aikin?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san abin da ake nufi da mai horarwa, wanda 'yan ƙwallo suke kira koci. Wasu suna tsammani aikinsa busa usur ne da daka tsawa daga bakin fili. Alhali kuwa malami ne, sai dai ajinsa ba shi da rufi. Tilas ya san ƙirar jikin ɗan Adam, ya san jijiya da gaɓa da nauyin da kowace take iya ɗauka a shekara goma sha biyu, da wanda take iya ɗauka a shekara ashirin. Tilas ya san bambancin targaɗe da gocewar ƙashi da karaya, da abin da za a yi kafin a kai ga likita. Tilas ya san yadda za a tsara atisaye a watan azumi ko a tsananin zafin bazara ba tare da an sumar da yaro ba. Bayan wannan duka sai dabarun wasan kansa, da iya zama da yara, da sanin wanda ake lallashi da wanda ake tsawatarwa.

Ga 'yan mata kuwa akwai ƙarin wani ilmin. Jikin yarinya yana sauyawa lokacin balaga, ga al'ada ta wata-wata, ga ƙarancin jini da yake yawan damun 'yan mata, ga tsinkewar jijiyar gwiwa wadda likitoci suka tabbatar ta fi samun mata 'yan ƙwallo fiye da maza. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya irin tamu za ta gwammace ta bar wasan ɗungum da ta buɗe baki ta gaya wa namiji cewa tana fashin salla kuma mararta tana ciwo. A gaban mace 'yar'uwarta kuwa, kallo ɗaya ya isa.

Aikin kuma yana da makaranta da takardar shaida. Tun 1974 aka kafa Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Surulere, Legas, wadda babban aikinta shi ne koyar da masu horarwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da kwalejojin ilmi da dama suna koyar da ilmin motsa jiki da kiwon lafiya. A fannin ƙwallon ƙafa, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, watau CAF, tana ba da lasisi hawa-hawa, daga D zuwa C zuwa B zuwa A, sa'an nan na ƙoli wanda ake kira Pro. Ƙofa dai tana nan, masu shiga ne daga wajenmu suka yi kaɗan.

Ba mu kaɗai ba ne

Akwai masu cewa wannan matsala ta Bahaushe ce ko ta Musulmi. Tarihi bai goyi bayansu ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da maza suka tafi fagen fama, matan Ingila da suka shiga masana'antu sun kafa ƙungiyoyin ƙwallo. A watan Disamba 1920, ƙungiyar mata ta wata masana'anta a garin Preston, mai suna Dick, Kerr, ta buga wasa a filin Goodison Park na birnin Liverpool, 'yan kallo kimanin 53,000 suka shiga. Shekara guda bayan haka, a Disamba 1921, hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata wasa a filayen ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta, bisa hujjar wai ƙwallo bai dace da mace ba. Wannan hani ya yi kimanin shekara hamsin kafin a ɗage shi. Jamus ta Yamma ta yi irinsa daga 1955 zuwa 1970. A Brazil kuwa, ƙasar da ta fi kowa suna a ƙwallo, dokar gwamnati ce ta hana mata bugawa daga 1941 har zuwa 1979.

Abin lura a nan shi ne, ɓarnar irin wannan hani ba ta tsayawa ga 'yan wasa. Mai horarwa yawanci tsohon ɗan wasa ne, don haka in aka hana tsara guda wasa, an hana tsarar da ke biye mata malamai. Sarina Wiegman, wadda aka haifa a birnin Hague na ƙasar Holand a 1969, tana 'yar shekara shida sai da ta rage gashin kanta ta saje da maza kafin ta sami buga ƙwallo tare da ɗan'uwanta da aka haife su tagwaye. Ta yi shekaru tana aikin malamar wasanni a makarantar sakandare. Ita ce ta ci wa Holand kofin Turai na mata a 2017, ta kuma ci wa Ingila a 2022 da 2025. Duk da irin wannan nasara, a gasar cin kofin duniya ta mata ta 2023, cikin ƙasashe 32 da suka halarta, 12 kaɗai ne mace take jagoranta.

Darasi na biyu daga Amurka yake. A 1972 aka yi dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a wasanni. A lokacin, fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin mata a jami'o'in ƙasar mata ne suke horar da su, yawanci a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da kuɗi ya shigo, albashi ya yi kauri, sai maza suka yi caa a kan aikin, har rabon mata ya faɗi ƙasa da rabi, ya kuma daɗe a nan shekaru masu yawa. Ma'aikatan da ke cikinmu su riƙe wannan da kyau: ware kuɗi domin wasannin 'yan mata abu ne mai kyau, amma in ba a tanadi matan da za su riƙe aikin ba, kuɗin zai bi ta kansu ya wuce.

Waɗanda suka share hanya

Yanzu bari mu dawo gida Afirka, mu fara da wadda yanayinta ya fi kama da namu. Salma al-Majidi 'yar Omdurman ce ta ƙasar Sudan, 'yar wani ɗan sanda mai ritaya. Ta taso a lokacin da babu gasar ƙwallon mata a ƙasar, har majalisar malamai ta ba da fatawar hana kafa ƙungiyar mata ta ƙasa. Tana da shekara 16 ta riƙa raka ƙanenta wurin atisaye. Ba ta da damar bugawa, sai ta tsaya a gefe tana lura da mai horar da yaran, yadda yake jera alamomi a ƙasa, da abin da yake faɗa, da dalilin faɗarsa. In an tashi ta je ta yi masa tambayoyi. Da ya ga fahimtarta, sai ya jawo ta cikin aikin, har ta kai ga horar da yara 'yan ƙasa da shekara 13 da 'yan ƙasa da 16 a ƙungiyar Al-Hilal. Daga nan ta nemi takardun shaida har ta sami lasisin B na CAF, ta horar da ƙungiyoyin manyan maza irin su Al-Nasr da Nil Halfa da Al-Mourada. A 2018 tana jagorancin ƙungiyar Al-Ahli ta garin Gadarif, garin da 'yan'uwanmu Hausawa, jikokin mahajjatan da suka bi hanyar ƙasa, suke da yawa a cikinsa. Hukumar FIFA ta shaida cewa ita ce Balarabiya ta farko da ta horar da ƙungiyar maza.

Abin da ya kamata mu lura da shi a labarin Salma shi ne yadda ta bi. Ba ta cire lulluɓinta ba, ba ta kuma yi faɗa da gidansu ba. An yi mata surutu, cikin dangi ma akwai dattijon da ya yi ta sukarta, har ran da ya ji jama'a a fili suna kiran sunanta, ya sauko. Gani ya kori ji. Gasar ƙwallon mata kuwa ba a fara ta a Sudan ba sai a Satumba 2019, watau ta zama malamar wasan da ita kanta ba a ba ta damar bugawa ba.

A Afirka ta Kudu akwai Desiree Ellis, wadda aka haifa a 1963 a birnin Cape Town, zamanin mulkin wariyar launin fata. Da maza ta koyi ƙwallo a kan titi. Ƙasarta ba ta kafa ƙungiyar mata ba sai 1993, lokacin tana da shekara 30. A wasansu na farko da Swaziland ta ci ƙwallo uku, amma ta makara wajen komawa bakin aikinta, aka sallame ta. Wannan mata ita ce aka danƙa wa ƙungiyar a 2016, aka tabbatar da ita a 2018, ta ci kofin Afirka a 2022 a birnin Rabat, inda suka doke masu masauki da ci 2 da 1. A 2023 ta kai ƙasarta zagaye na biyu na gasar cin kofin duniya. Sau huɗu CAF tana zaɓenta gwanar masu horar da mata. Daga Maroko kuma akwai Lamia Boumehdi, wadda ta bar ƙasarta ta tafi Lubumbashi ta ƙasar Kwango, ta ci wa ƙungiyar mata ta TP Mazembe kofin zakarun Afirka a 2024.

A nan Nijeriya, wanda ya kai Super Falcons zagayen kusa da kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta 1999 mutumin Jos ne, marigayi Isma'ila Mabo. Daga cikin matan da suka buga wa ƙasa a waɗannan shekaru na farko ne aka sami malamai. Eucharia Uche ita ce mace ta farko da aka ba ragamar ƙungiyar, ta kuwa ci kofin Afirka a 2010 a Afirka ta Kudu. Florence Omagbemi, 'yar Warri, wadda ta buga gasar duniya sau huɗu daga 1991 zuwa 2003, ta ci kofin a 2016 a birnin Yawunde, a gaban dubban 'yan Kamaru, da ci 1 da nema. Amma ku ji ladan da aka ba su. Da suka dawo Abuja da kofi, sai da 'yan wasan suka yi zaman dirshan a masauki kimanin mako biyu kafin a biya su haƙƙinsu, kuma ba a sabunta wa Omagbemi aikinta ba. Daga 2018 zuwa 2025 maza ne suka riƙa riƙe ƙungiyar.

A ƙwallon kwando kuma ga Rena Wakama, wadda aka haifa a Amurka a 1992, iyayenta mutanen Okrika ne ta Jihar Ribas. An naɗa ta a 2023, kimanin wata guda kafin gasar Afirka, tana da shekara 31, wasu suna cewa yarinya ce. Ta ci kofin a Kigali, ta zama mace ta farko da ta ci shi a matsayin mai horarwa. A wasannin Olimfik na Paris a 2024, D'Tigress ta doke Ostireliya da Kanada, ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwando na Olimfik, aka kuma zaɓi Wakama gwanar masu horarwa a gasar mata. A 2025 ta sake cin kofin Afirka a Abijan.

Kun ji sunaye daga Omdurman da Cape Town da Warri da Okrika. Jihohin Nasarawa da Adamawa suna da ƙungiyoyin mata da suka buga gasar ƙasa, Nasarawa Amazons ma ta taɓa cin kofin. Amma tambayar da ta rage mana ita ce: yaushe za a kira sunan 'yar Kano ko 'yar Katsina ko 'yar Damagaram a wannan jeri?

Shingayen da ke gabanmu

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bari mu ɗauki shingayen ɗaya bayan ɗaya, mu ware na gaske da wanda ya riga ya faɗi.

Na farko sutura. Wannan uzuri ne mai ƙarfi a da, domin dokokin wasanni na duniya sun taɓa hana rufe kai. Amma an halatta hijabi a ƙwallon ƙafa tun 2014, a ƙwallon kwando tun 2017, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya da kanta a rufe. Mai horarwa kuwa, wadda take tsaye a bakin fili, babu abin da ya hana ta dogon wando da doguwar riga da hijabinta.

Na biyu tsoron iyaye game da mutuncin 'ya'yansu. Wannan kam kada wani ɗan boko ya kira shi duhun kai. Ruwa ba ya tsami banza. A 2021 aka tona asirin cin zarafin 'yan mata a ƙungiyar ƙwallon kwando ta matasa ta ƙasar Mali, har aka kama mai horar da su. An ga irin wannan a Amurka da wasu ƙasashe. Mai horarwa yana da iko a kan yarinya, shi yake zaɓen wadda za ta buga da wadda za a tafi da ita waje, iko kuwa in ba a sa masa ido ba yakan jawo fitina. Ba mu ce duk namiji mai horarwa abin zargi ba ne, akwai masu riƙon amana da yawa. Amma maganin wannan tsoro yana cikin abin da muke kira a yi, watau a sami mata a wurin.

Na uku tafiya. Gasa tana bukatar kwana a wani gari, iyaye da mazaje da yawa ba za su yarda ba. Wannan tsari yake bukata: masauki na mata zalla, dattijuwa mai rakiya, takardar izni daga gida, da mota ta hukuma wadda aka san lokacin tashinta da na dawowarta.

Na huɗu aure da hidimar gida. Atisaye yawanci da sassafe ne ko bayan la'asar, daidai lokacin da ake jiran mace a madafa. Amma malamar asibiti tana kwana a bakin aiki, gidanta kuma bai rushe ba, domin jama'a sun yarda aikinta yana da amfani. Manyanmu suna ba mu labarin zamanin da ake ganin aikin nas abin kunya ne ga 'yar mutunci. Yau wanda ya hana 'yarsa wannan karatu shi ne yake tsayawa a ƙofar asibiti yana cewa sai mace za ta duba matarsa.

Na biyar bakin mutane, wanda ya fi duka ciwo. A ce mata namijin mata, a ce wa zai aure ta, a ce ta rasa abin karantawa sai tsalle-tsalle. Wannan ba ya mutuwa da gardama. Yana mutuwa ne ran da unguwa ta ga malama da mutuncinta, da albashinta, da mijinta, da yaran makaranta suna durƙusawa suna gaishe ta.

Abin da muka gada

Wasu za su ce baƙon abu muke son shigowa da shi. Mu duba tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga matan ƙauye ba sa iya zuwa gaban malamai maza. Ba ta ce a bar su cikin jahilci ba. Ta zaɓi dattijai mata masu hankali, ta koyar da su, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa alamar izni, ta tura su garuruwa su koyar da 'yan'uwansu. Wannan shi ne tsarin 'Yan Taru. In muka cire sunaye, ai tsarin horar da masu horarwa ke nan, da lasisinsa da komai, shekara kusan ɗari biyu da suka wuce.

Motsa jikin ma ba baƙo ba ne. Kakanninmu mata sun yi gaɗa a dandali, sun yi daka da surfe da niƙa, sun ɗebo ruwa daga nesa. Yau inji ya karɓe dakan, babur ya karɓe tafiyar, dandali ya mutu a birane, ciwon sukari da hawan jini kuwa suna ta yawaita cikin gidajenmu. Masana hadisi da ke nan sun san ruwayar tseren da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Nana A'isha. Ƙasar Saudiyya ma ta shigar da darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati a 2017. Abin da ya rage mana shi ne tsara wuri da sutura da malamai.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ga 'yan'uwanmu mata ɗalibai, musamman na sashen ilmin motsa jiki, muna cewa kada takardar digiri ta ishe ku. Ku nemi lasisin horarwa tun kuna makaranta, ku fara da ƙaramin hawa. Lokacin hutu ku je makarantar firamare ta unguwarku ku nemi a ba ku 'yan mata ashirin da ƙwallo ɗaya. Kafin ku fara, ku bi gida-gida ku gai da iyayensu, ku gayyaci iyaye mata su zo su gani da idonsu. Wadda ba ta taɓa buga wasa ba kada ta karaya, ta tuna Salma daga bakin fili ta fara.

Ga ƙungiyar ɗalibai, muna ba da shawara a keɓe wa mata wasu sa'o'i a filayen jami'a da zauren motsa jiki, a kuma tabbata duk tawagar mata da za ta tafi wasannin jami'o'i na NUGA tana da mace cikin masu horar da ita.

Ga ma'aikata, ku ne kuke rubuta takardun da manya suke sa wa hannu. In an zo tura malamai, a fara tura malamar wasanni mace makarantar 'yan mata. In an sami gurbin kwas, a ware wa mata rabonsu a rubuce. In ana tsara kasafin kuɗi, a sa katangar da za ta kewaye filin makarantar 'yan mata, domin katanga ɗaya tana iya kwantar da hankalin iyaye ɗari. A biya mace mai horarwa daidai da namijin da suke mataki ɗaya, a kuma biya a kan kari. A kafa hanyar da yarinya za ta kai ƙara ga wata mace babba ba tare da an fallasa ta ba.

Ga 'yan'uwanmu maza, yawancinku nan da 'yan shekaru za ku zama mazaje da iyaye. Wata rana ƙanwarka ko matarka ko 'yarka za ta zo maka da wannan magana. Kafin ka ce a'a, ka tambayi wurin, ka tambayi suturar, ka tambayi wanda zai koyar. In amsoshin sun gamsar da kai, ka raka ta ranar farko da kanka, domin bakin mutane yakan mutu in sun ga namijin gida a gaba.

Shugaban taro, ba a fafe gora ranar tafiya. Malamar da za ta riƙe usur a makarantun 'yan matanmu nan da shekara goma tana zaune a wannan zaure yau, ko kuwa tana aji uku na sakandare tana jiran abin da mahaifinta zai ce.  In akwai tambaya ko gyara, muna maraba da su. Allah ya sa mu dace.